Ranar da Rediyon Ɗan Azumi Ya Farfaɗo

Idan ka shiga kasuwar Gangara ta wajen masu sayar da igiya da guga, ba sai ka tambayi rumfar Ɗan Azumi ba, kunnenka zai kai ka. Rediyo uku ko huɗu za ka ji suna magana a lokaci guda, wannan Hausa, wancan Larabci, wani kuma ba abin da yake yi sai shuuu. A tsakiyarsu ga wani siririn dattijo da tabarau mai ƙafa ɗaya ɗaure da zare, ya sunkuya a kan buɗaɗɗen rediyo, ƙarfen liƙinsa na cikin garwashin da ake dafa shayi. Ni ne telan da ke jikin rumfarsa. Zana ɗaya ce ta raba mu, kuma tun gashina yana baƙi nake shaƙar hayaƙin dalmarsa, saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi a bakin wani ba.

Cikin watan azumi aka haife shi, sunan ya bi shi har ya danne na yanka. Ubansa manomin hatsi ne, ya so ya bar masa gona, amma yaron da za a aika ya kori tsuntsaye sai a same shi ƙarƙashin adduwa yana kwance tocilan. Da aka gaji da dukansa aka tura shi Damagaram wajen wani mai gyara. Ya dawo da turnabis guda biyu na kwance ƙusa, da akwatin kwano, da wani irin haƙuri da ni dai ban taɓa samun ko rabinsa ba.

Aikin kuwa yana son haƙurin. Rediyon makiyayi ba irin na mutumin gari ba ne. Yana rataye a kafaɗa cikin jakar fata mai tuntaye, ya sha rairayi, ya sha nono da ya zube, wani ma raƙumi ya taka shi. A daji babu tashar kusa da ke kaiwa, sai gajeren zango, shi ne ke kawo musu labarin duniya da gaishe-gaishe. Ɗan Azumi yakan karɓi rediyo ya fara shinshina shi kafin ya kwance ko ƙusa ɗaya, wai abin da ya ƙone ba ya ɓoye warinsa. Kuma ba ya miƙa wa mutum kayansa sai rediyon ya yi magana a gabansu su biyu.

To, duk da wannan, akwai tabo ɗaya a jikin sunansa, kuma ya fi shekara ashirin yana cin sa a rai.

Wata rana da tsakar rana, ba hadari ba iska, sai rediyo ya ɗauke. Ba ɗaya ba, duk wanda ke kan gajeren zango. Wani lokacin sai an fara jin wata ƙara tana tasowa kamar ruwa na tahowa daga nesa, sannan tsit. Bayan wani ɗan lokaci murya ta dawo da kanta. Ɗan Azumi ya sa wa abin suna suman rediyo. Ya lura da dare ba ya faruwa, ya lura wasu shekarun abin yana yawa, wasu kuma sai a manta da shi. Dalili ne bai sani ba. Ya sha buɗe lafiyayyen rediyo yana neman cutar da babu ita, har ya ji kunyar kansa.

Mu kuma nan ƙasar Damargu magani ɗaya gare mu ga kowane ciwon rediyo. Da murya ta yi ƙasa, sai a zare pil, wato batir, a jera su a rana su sha zafi, a mayar. Wani har ya ɗan cije su da haƙori. To ka duba yadda abin ke tafiya: rediyo ya suma, mutum ya zare pil ya shanya, ya sha shayi, ya yi hira, ya mayar, rediyo ya kama magana. Wa ya gyara? Rana. Wa ya ɓata? Wanda ya taɓa shi na ƙarshe. Haka aka yi ta yi, rana na kwasar godiya, Ɗan Azumi na kwasar zagi.

Shugaban masu zagin kuwa babban amininsa ne, Rissa, wani dogon makiyayin raƙuma daga wajen Tenhiya. Rissa yana sabon ango ya karɓi rediyonsa daga gyara, ya goge jakar da mai, ya hau raƙumi ya nufi zangon surukansa don su san ɗiyarsu ba gidan banza ta shiga ba. Aka taru, tsofaffi suka gyara zama, ya murɗa, rediyo ya yi gaisuwa ɗaya ya mutu. Har yau, in ji shi, akwai wata gwaggon matarsa da in ta gan shi sai ta tambaye shi ko akwatin ya tashi daga barci. Shi ya ƙago zambon da yara suka ɗauka: gyaran Ɗan Azumi, da safe waƙa, da rana suma. Amma fa duk ranar kasuwa a rumfar yake sauka, shi ke shan kofin farko na shayi, kuma ba ya yarda wani ya taɓa masa rediyo sai mutumin da yake zagi. Ɗan Azumi yakan yi dariya tare da kowa. Ni da ke bayan zana na san in mutane sun watse yakan daɗe bai ɗauki turnabis ba, kuma abin yana ba ni haushi ƙwarai.

Ɗiyarsa ta fari, Samira, a cikin wannan tarkace ta yi rarrafe. Kun san kunyar ɗan fari a wurinmu: uba ba ya kama sunansa, ba ya yabonsa a gaban mutane, ba ya ma nuna ya san yana wurin. Ɗan Azumi kuwa ya riƙe al'adar nan da hannu biyu. Yarinyar nan, ko ɗiyar Halimatu, iyakar abin da za ka ji daga bakinsa ke nan. Halimatu kuwa matarsa ce, uwar yarinyar. In ta kawo masa abinci daga gida sai ya ce da ni: "Tela, ce wa yarinyar nan ta ajiye can." Alhali ga ta tsaye a gabansa.

Ita kuma ba ta ajiyewa ta tafi. Sai ta tsuguna tana tsintar wayoyi, tana tambayata abin da take son ji daga bakinsa, da ƙarfi yadda zai ji. "Baba Tela, me ke sa rediyo suma?" Shi kuma ya amsa wa rediyon da ke hannunsa: "Allah kaɗai ya sani." Ta ce to ita sai ta sani. Muka yi dariya.

Ashe da gaske take. Daga lakwal ɗin Gangara, wato makarantar boko, ta wuce Tanut, daga nan Damagaram, daga nan jami'a a Yamai, har aka ɗauke ta zuwa wata cibiyar bincike a Turai. Halimatu ta sayar da awakinta saboda karatun, shi kuma ya yi shekaru da riga ɗaya ta zuwa masallacin Juma'a, ni na san ta don ni ke yi mata faci. Da ta turo hoton wurin aikinta a waya, muka ga fili guda cike da ƙarafa a tsaye kamar karan hatsi bayan girbi. Wai duk eriya ce, kuma ba tashar kowa suke kamawa ba, rana suke saurare. Rissa ya ce lalle ciwon gidan ya bi jini.

Da ta zo hutun babbar salla sai ta zauna a rumfar, ranar kasuwa, ta yi wa Rissa bayani. Uban ya juya baya yana liƙin wani abu da na tabbata ba ya bukatar liƙi.

Ta ce: "Baba Rissa, rana ba shiru take ba kamar yadda muke ganinta. Lokaci-lokaci takan yi aman wuta. In ta yi, har kururuwa take yi, irin wadda kunne ba ya ji amma rediyo yana kamawa. Ita ce ƙarar nan da kuke ji tana tasowa. Shi kuma gajeren zango, murya sama take tafiya ta daki wani rufi can cikin sararin samaniya ta dawo ƙasa wurinku. In hasken aman nan ya bugi wurin, sai ya shanye muryar maimakon ya bari ta dawo. Shi ya sa da rana kaɗai abin ke faruwa. In ya huce, murya ta dawo."

Rissa ya gyara rawani ya ce: "To ke aikinki mene ne? Ki ba ta haƙuri?"

Ta yi dariya. "Akwai wata iska da ke fitowa daga rana ba dare ba rana, tana wuce duniyarmu. Ba irin wadda muke shaƙa ba, ƙananan ƙwayoyi ne masu lantarki. Kuma ba a miƙe take tafiya ba, hautsinewa take yi tana murɗawa. Kururuwar rana ta cikinta take ratsowa kafin ta iso mana, sai ta iso a wargaje. Ni daga yadda ta wargaje nake auna yadda iskar ta hautsine."

Nan Rissa ya ɗaga yatsa. "Wannan na gane. In na yi kira daga bakin rijiya ana iska, wanda ke wajen raƙuma yakan ji kiran a karye, daga nan ya san irin iskar da ke tsakaninmu." Ta tafa hannu ta ce wallahi haka ne. Na ga kafaɗar Ɗan Azumi ta motsa, na san murmushi yake yi wa allon rumfa.

Amma Rissa bai gama ba. Ya ce: "Iskar na yarda. Maganar rana ce ban yarda ba. Ranar da ke tayar mana da pil ita za ta kashe rediyo? Ɗiya ce ke, dole ki wanke ubanki. Ni abin da rediyo ya faɗa shi ne magana. Ranar da na ji wannan daga cikin akwatin nan, na janye."

Ta nuna masa a waya, ya ce waya ko mahaukacin kasuwa yana magana a cikinta. Haka ta koma Turai, zambo yana nan daram.

Sai bazarar da ta wuce, lokacin da zafi ya kai inda ko ƙadangare ba ya tsallaka hanya, suma ta yi yawa har mutane suka fara kai rediyonsu Tanut gyara. A cikin wannan hali Samira ta kira uwarta ta ce wata tashar waje mai shirin Hausa ta gayyace ta, za a yi hira da ita kai tsaye a shirin bayan azahar, a kan rana da abin da take yi wa rediyo. Kuma ranar ta faɗo daidai ranar kasuwarmu.

Ɗan Azumi bai gaya wa kowa ba, kunya ba za ta bar shi ba. Ni ya gaya wa, ta bayan zana, yana kallon ƙasa: "Wai yarinyar nan za ta yi magana a akwati." Ya san wanda ya gaya wa. Kafin la'asar labari ya kai rijiyoyin da ke arewa da mu.

Ranar, tun hantsi rumfa ta cika ta batse. Makiyaya sun durƙusar da raƙuma a bayan kasuwa, kowa da rediyonsa a kafaɗa, manoma sun bar sharar gona. Mata suka cika tawa rumfar, Halimatu a kan kujerar keken ɗinkina, ko izini ba ta nema ba. Ɗan Azumi ya sa rigar Juma'a. Ya ɗauko wani tsohon rediyo da ya fi ƙauna, ya sa masa sabbin pil, ya ja waya daga eriyarsa ya ɗaure can saman adduwa. Rissa ya zauna dab da shi ya ɗora nasa a cinya, yana cewa yau ko a yi ta ko a bar ta. Duk rediyon da ke wurin aka murɗa shi tasha ɗaya, murya ta cika kasuwa kamar wa'azi.

Mai gabatarwa ya yi sallama, ya ce yau suna tare da Dakta Samira Ɗan Azumi, ƴar asalin Gangara a ƙasar Damargu. Wuri ya ɗauki sowa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana buɗe wa muryoyin wasu hanya, yau ga sunansa ya fito daga akwati. Bai ɗaga kai ba, sai gyara tabarau yake yi. Sannan muka ji ta, muryar nan dai da ke tambayata me ke sa rediyo suma, tana gaida masu saurare. Mai gabatarwa ya ce: "To Dakta, masu saurarenmu na karkara suna kuka da ɗaukewar rediyo da rana. Laifin wa ke nan?"

Ta ce: "Yawwa, wannan tambaya..."

Sai ƙarar nan ta taso. Shuuu, tana hawa, tana hawa, ta rufe muryarta. Sannan tsit. Duk rediyon da ke kasuwar Gangara ya mutu a lokaci guda.

Rissa ya miƙe tsaye, rawani na rawa. "Ga shi nan! Jama'a ku shaida! Ko ɗiyarsa gyaransa bai ƙyale ba!" Aka fashe da dariya. Nan da nan ka ji ƙwas, ƙwas, ana buɗe bayan rediyo. Kafin ka ce me, an shimfiɗa buhu a tsakiyar rana an jera pil a kai kamar ana shanyar kuɓewa. Kowa na sauri pil ɗinsa su sha zafi ya mayar kafin shiri ya ƙare. Nawa ma suna ciki, hannu ne ya saba.

Na leƙa na ga Ɗan Azumi. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Hannunsa ya tafi wajen turnabis da kansa, ya ɗauka, ya juya rediyon, ya sa bakin turnabis a kan ƙusa. Sai muryar Halimatu ta fito ta cikin zana, ba da ƙarfi ba: "Malam, yarinyar ta ce in ya suma kar ka taɓa shi."

Ya tsaya. Ya ajiye turnabis. Ya juyo da rediyon ya fuskanci jama'a, ya bar shi a kunne, ya tura hannuwansa biyu ƙarƙashin cinyoyinsa ya zauna a kansu.

Jiran nan ya yi tsawo. Shayi ya huce ba wanda ya zuba. Wasu suka fara zamewa suna cewa za su duba dabbobi. Wani ya ce da an sani da an kai Tanut. Rissa ya ƙara jefa magana ɗaya, biyu, ya dubi amininsa da kyau, sai dariyar ta bar fuskarsa. Ya tafi wajen buhu ya tsinto pil ɗinsa yana juya su a tafin hannu saboda zafi, ya dawo ya durƙusa.

"Ɗan Azumi, karɓi nawa. Sun sha rana sosai. Sa su ka ji ɗiyarka, maganar zambo a bar ta."

Ɗan Azumi ya girgiza kai. "Nawa lafiyarsu lau. Rediyon ma lafiyarsa lau."

"To me kake jira?"

"Ta ce zai dawo."

Wallahi a lokacin tausayinsa ya kama ni har na ji haushin yarinyar. Na ce a raina ga dattijo an sa shi zama a kan hannuwansa a gaban kasuwa guda.

Sai wani ɗan siririn sauti ya fito, kamar sauro. Ya ɓace. Ya dawo. Rissa ya ɗaga hannu ya daka wa mutane tsawa su yi shiru. A duk kasuwar rediyo ɗaya ne ke da pil a cikinsa, kuma shi ne ya buɗe baki, ba wanda ya taɓa shi. Murya ta yi ta ƙaruwa har ta fito tas.

"...abokan aikina sun turo mini yanzu, muna cikin wannan hira rana ta yi wani babban aman wuta, na'urorinmu sun kama kururuwarta. Saboda haka masu saurarenmu a gajeren zango, musamman wajenmu inda rana ke tsaka, na san kun rasa mu na wani lokaci. Ba pil ɗinku ba ne, ba kuma mai gyara ba ne. Wanda ya zare pil ya shanya, ranar da ya kai wa su ita ce ta yi masa ɓarnar." Mai gabatarwa ya yi dariya. Ta ci gaba, muryarta ta ɗan canza: "Mahaifina mai gyaran rediyo ne a kasuwar Gangara. Ya fi shekara ashirin ana ɗora masa laifin rana. Baba, in kana ji na, na san ba ka buɗe shi ba. Hannunka bai taɓa ɓata rediyon kowa ba."

Abin da ya biyo baya ba zan iya tsara shi ba. Halimatu ta rangaɗa guɗa har keken ɗinkina ya girgiza. Mutane suka ruga wajen buhu, aka rasa gane pil ɗin wa ye wannan, ana ta cacar baki ana dariya. Wani tsoho ya rungume rediyon kansa yana ba shi haƙuri. Rissa ya fita daga inuwa, ya kare ido da tafin hannu, ya dubi sama ya daɗe, ya ce: "Ashe ke ce. Ke ce kika kunyata ni gaban surukaina." Ya dawo ya tsaya gaban jama'a ya ce daga yau duk yaron da ya sake rera zambon nan, shi da shi ne, kuma gobe zai hau raƙumi ya je ya gaya wa gwaggon matarsa.

Ɗan Azumi dai yana zaune. Ya zaro hannuwansa, ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, ya goge, ya sake gogewa, alhali ba tabarau ne ya jiƙe ba. Rissa ya zauna kusa da shi, ya dafa kafaɗarsa, shaiɗancin ya dawo masa ido. Ya san al'ada sarai, don haka ya tambaya da ƙarfi yadda kowa zai ji:

"Wai ni kam, wace ce wannan mai magana a akwatinka?"

Na jira in ji yarinyar nan, ko ɗiyar Halimatu. Ɗan Azumi ya mayar da tabarau, ya miƙa hannu ya ƙara wa rediyon murya.

Ya ce: "Samira ce. Ɗiyata. Yi shiru in ji ta."